Man Shanun da Na Zuba

Na ɗaga buzun Malam zan yi shara, sai ga ƙullin ƙwayoyi a takarda. Ƙwayoyin kwana tara ne cif. Ashe mijina karɓar magani yake daga hannuna, ya yi godiya, ya kurɓi ruwa zalla.

Ko da ya dawo daga makarantar allonsa, a tsakar ɗaki ya tarar da ni tsaye.

"Malam, wanga hwa?"

Ya zauna a bakin gado, bai yi musu ba.

"Bushira... ran nan cikin Yasin nit tsaya, ina gaban sahu. Yasin hwa! Sai da wani dattijo yaɗ ɗora min."

"Shi na kab bar magani?"

"In maganin ga na cinye min Alƙur'ani, gara in mutu da shi cikin kaina."

"Ni da ɗiyarka Lailatu kuma ka bar mu ga wa?"

Ni ko ban yi kuka ba, don na san in na fara, to ya ci nasara.

A 2007 ne, muna zaune a Jega Sabon Gari. Wata huɗu ke nan da aka gaya mana a asibiti, can Birnin Kebbi, cewa Malam Habibullahi na ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ni da 'yarmu Lailatu an gwada, ba mu da ita. Da ya fara magani jiki ya dawo, amma kai ya rikice. Ga jiri, ga mafarkai barkatai, ga mantuwa. Sai ya fita sayo albasa ya dawo hannu rabbana yana tambayata me ya fitar da shi. Mutumin da izu sittin ke zaune a kansa daram!

Mahaifiyarsa, Inno, ta taso daga Aliero jinya. Ba ta san ainihin ciwon ba, ta ce sammun mahassada ne, ta cika mana gida da hayaƙi. A abu ɗaya muka yi tarayya da ita: ramammen mutum sai man shanu. Ni kuwa 'yar garin Mungadi ce, ba sai an koya mini zuba shi ba.

Washegari na tasa Malam a gaba har asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya, Ramatu, ta tambayi yaushe yake shan babbar ƙwayar nan rawaya, kuma da me. Na gyara zama cike da alfahari na ce da hantsi, bayan ɗumame, man shanu har yana iyo.

Ta riƙe baki.

Ta ce wannan ƙwayar in ta haɗu da maiƙo ƙarfinta ƙaruwa yake, ta hau kai. Lokacin kwanciya ake shanta, ciki ba nauyi. Wai an faɗa mana tun ranar farko. Ƙila an faɗa, amma ranar kunnena kuka ya toshe shi. Sannan ta juya ga Malam ta ce cutar ma da kanta, in an bar ta ba magani, har ƙwaƙwalwa take hawa, kuma ɓarnarta ta fi ta ƙwaya nesa ba kusa ba. Ba ta yi masa alkawarin komai zai dawo ba. Ta ce in jirin bai lafa ba mu koma a sake masa wata.

Kunya ta ishe ni. Wata huɗu ina ɗura wa bawan Allah mantuwa da ludayi, ina kiran abin soyayya.

A mota ya matso kusa da kunnena.

"Ashe ke ta mai sammun."

"Kai kuma mai ɓoyon magani awa ɗan yaye."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Wallahi a nan na ƙara sonsa.

Kwalbar man shanu na mayar da ita ta rana kawai. Inno ta ce na koyi rowa, ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Na shanye. Gara ta kira ni marowaciya tana kallon ɗanta da rai.

Jirin ya tafi cikin 'yan makonni, amma hadda ta dawo da ramuka. Sai muka tsiri abu: kullum bayan la'asar in riƙe Alƙur'ani, shi kuma ya yi tilawa da ka. In ya tsaya, in ɗora masa kalma ɗaya, ya ɗauka.

Wata ranar Alhamis ya kama Yasin. Ya zo daidai inda ya taɓa tsayawa a masallaci, sai ya yi shiru. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Ya runtse ido, leɓensa na motsi... sai ayar ta fito da kanta, ya zarce har ƙarshen sura.

Inno da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa ta goge ido da gefen zane.

Malam ya dube ni ya ce, "Gobe ma ki riƙa min, hasken idona. Ina iya tsayawa wani wuri."

"Ka tsaya ko'ina kaka so, ni dai ina bayanka."

Har yau duk safiya sai na ɗaga buzun nan in duba. Ban da ƙasa, ban sake samun komai ba.