Ruwan Farko a Gidan Malam Na'iya

Ruwan farko ya sauka a Kebbe, gari ya waye kowa na neman sunguminsa zai tafi shuka. Sufeto Gazali bai ma gama shan shayinsa ba, sai ga Kofur Ɗangiwa ya shigo ofis, taɓo har gwiwa.

"Yallaɓai, an sami gawa. Malam Na'iya ne, tsohon nan na bayan firamare. Ɗan ƙanensa Lauwali, mai sayar da wake, shi yak kawo ƙara. Wai guba anka ba shi cikin tuwo."

"Wa ya ba shi?"

"Wai matar ɗan Malam ɗin, Bara'atu, mai tuwo a tasha. Mijinta na can Ibadan wurin ci-rani."

Gazali ya ajiye kofi. Shi mutum ne da ba ya son a kawo masa mai laifi a naɗe tun kafin ya ga wuri da idonsa. Ya hau bayan babur, Ɗangiwa ya ja.

Sun tarar da gidan a cike. An fito da gawa an shimfiɗe a zaure, an rufe da mayafi. Lauwali na tsaye a kanta, yana share ido da bakin riga.

"Ranka shi daɗe, da safe na isko Baffa shina kwance cikin amai. Lafiya lau yac ci tuwon matar nan. Ga ta can, ko hawaye babu."

Da gaske babu hawayen. Bara'atu na tsaye a bakin murhu, ta ci ɗamara da gyalenta, matan unguwa sun ja baya sun bar mata fili, suna raɗe-raɗe.

"Ke kika ba shi abinci?" Gazali ya tambaye ta.

"Ni. Tun ranar da anka kawo ni gidan nan ni nika ba shi. Ga kwanonsa nan, da gangan ban wanke ba."

Kafin Sufeto ya ɗaga hannu ta buɗe kwanon, ta yanko ragowar tuwon, ta dangwali miya, ta kai baki. Ta sake yankowa. Wata tsohuwa ta saki salati.

"Ke, aje! Shaida ce!" in ji Sufeto.

"Na bar muku rabi, Yallaɓai. In na mutu, ku kai mu tare da Baba. In ban mutu ba, wanda yac ce ni na kashe shi, sai ya maimaita a nan gaban waɗanga mata. Da tukunyar nan nika ciyar da ɗiyana. Wa zai ƙara cin tuwona a tasha?"

Gazali ya dube ta, ya daɗe. Mai guba ba ta cin kwanon wanda ta kashe. Ya sa Ɗangiwa ya ɗauke kwanon.

"Ina Malam yake kwana?"

"Tun da zafi yak kama, can ƙarƙashin iccen dalbejiya yake shimfiɗa tabarmarsa. Ruwan jiya ne yak kore shi ɗaki."

Sufeto ya tura ƙofar ɗakin, sai wani wari ya buge shi, kamar an daka tafarnuwa an bar ta ta ruɓe. Ya toshe hanci da hularsa. Tagar ɗakin an cusa mata tsummoki har ba inda iska za ta bi. A gindin bango ga tsaka sun faɗo sun bushe, ga ɓera ya miƙe ƙafafu. Su ma tuwon Bara'atu suka ci? A lungu ya ga inda buhuna suka bar shatarsu a ƙasa, da 'yan ƙwayoyin wake a warwatse, da wata 'yar takarda a ƙulle, cikinta gari kamar toka.

Ya ɗauki takardar, ya fito da sauri, ya sa aka zare tsummokin ta waje, ya ce kada kowa ya kusanci ɗakin, ko yaro ko akuya.

"Lauwali, buhunan wa aka ajiye a nan?"

"Nawa ne. Tsoron ɓarayi yas sa na kawo su wurin Baffa. Amma tun wancan mako na kwashe su zuwa shago."

"Ka sa musu magani?"

"Haba, Yallaɓai! Baffa da rediyonsa? Kullum shina jin shelar gwamnati, ba a sa maganin hatsi inda mutum ke kwana. Ko ƙamshinsa bai yarda a shigo da shi ba."

Gazali ya juya wajen ƙofar ɗakin. Idonsa na ƙasa. Daga bakin ɗakin zuwa ƙofar baya, ga sawun amalanke ya nutse cikin taɓo, sabo fil. Ruwan jiya ya wanke duk wani sawu na wancan mako. Wannan kam bayan ruwa aka yi shi.

Ya sa aka ɗauki gawa a mota zuwa asibitin Tambuwal, dangi na gunagunin an hana su sutura da wuri. Ya bi motar a babur, hanya duk kwazazzabai.

A kasuwar Tambuwal ya zaga rumfunan masu maganin gona har ya zo ta wani Sirajo, inda 'yan waken Kebbe ke sayayya. Ya kwance takardar ya ajiye a kan tebur.

"Mene ne wannan?"

Sirajo ya ja da baya. "Tokar ƙwayar maganin wake ce. In ta gama fitar da iskarta, haka take komawa."

"Ka san Lauwali na Kebbe?"

"Mutane da yawa ke zuwa, Yallaɓai. Ban riƙe suna ba."

"To, mutum ya mutu. In ba ka tuna a nan ba, ka zo ka tuna a ofis."

Nan take Sirajo ya tuna.

"Shekaranjiya yaz zo. Ya ce ƙwari sun faɗa wa wakensa, kuma shina jiran farashi ya hau. Na nuna mai buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda malaman gona ke cewa a ɗaure tam, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Yac ce tsada. Wallahi na gaya mai, wagga ƙwaya ba a kusantar da ita gidan kwana, iskarta ta fi ƙarfin mutum. Sai yai dariya, yac ce tsohon waje yake kwana."

Bayan la'asar aka kai Malam Na'iya makwancinsa. Ana dawowa, Gazali ya taɓa kafaɗar Lauwali.

"Zo mu ga waken nan naka."

Shagon ƙarami ne, ba taga. Da aka buɗe, warin nan na ɗazu ya fito. Buhunan na jere, gefensu da ɗanyen taɓo.

"Shiga ka zauna, akwai 'yan tambayoyi. Kofur, in ya shiga ka ja ƙofar, hayaniyar kasuwa ta yi yawa."

Lauwali ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. Ɗangiwa ya kama ƙofar kamar da gaske.

"A'a! Kada ku rufe! Mu yi magana a waje, don Allah!"

"Me zai same ka? Ai wake ne kawai. Kai ka ce ba magani."

Gumi ya keto wa Lauwali. Ya zube a bakin shagon.

"Na sa. Baffa ya rantse in na shigo da ita sai ya watsar da waken a titi, shi yas sa na ɓoye mai. Na bari sai da yat tafi masallaci na tura ƙwayoyin tsakanin buhuna, na toshe taga. Ban zaci ruwa ba."

"Da ruwan ya sauko fa? Katanga ɗaya ke tsakanin gidanka da nasa."

Ya sunkuyar da kai. "Na ji saukarsa. Na ce in na je na tashe shi, asirina ya tonu. Na ce kwana ɗaya ba komi."

"Da safe ka ga gawa, sai ka fara da kwashe buhu."

"Tsoro ne, Yallaɓai."

"Bara'atu fa?"

"Mijinta ba shi nan. Na ga ba ta da mai tsaya mata."

Gazali ya sa masa ankwa da hannunsa. Ya sa aka kulle shagon, a jira malaman gona su zo su ga yadda za a yi da waken, don kada ya shiga tukunyar wani. Ɗangiwa ya nufi hanyar ofis da Lauwali.

"Ba can ba tukuna," in ji Sufeto. "Akwai wadda ke jiransa."

A gidan makoki, Bara'atu ta yi wa masu ta'aziyya tuwo kamar yadda aka saba, ta jera kwanuka a kan tabarmi. Ba wanda ya ɗaga murfi. Tana zaune a bakin murhunta, lafiyarta lau, tana kallonsu.

Aka tsayar da Lauwali a tsakar gida.

"Maimaita abin da kac ce da safe," in ji ta.

Lauwali ya kau da kai gefe.

"To faɗi wanda yak kashe Baba. Da ƙarfi. Inna ta can baya ba ta ji sosai, ga shi ita taf fi kowa yaɗa magana."

Ya faɗa. Ya faɗi ƙwayar, ya faɗi tagar, ya faɗi ruwan da ya ji bai tashi ba. Ɗangiwa ya tasa ƙeyarsa suka fita, mutane na darewa suna ba su hanya.

Gazali ya tsuguna, ya wanke hannu, ya jawo kwano ɗaya ya ce bismillah. Ganin haka, tsohuwar nan ta miƙo hannu za ta jawo nata. Bara'atu ta dafe murfin.

"Tsaya, Inna. Da bakinki kinka ce akwai guba. Da bakinki za ki ce babu."

"Babu, ɗiyata. Ki yafe mana."

Ta ɗauke hannunta. Sai a lokacin ta juya ta dubi tabarmar da ke jingine a gindin dalbejiya, har yanzu ba ta bushe ba. Ta kwance ɗamararta, ta rufe fuska da gyalen, ta fara yi wa Baba kuka.