Karen da Lado Ya Ɗaure

Da hantsi Hamman ya faɗo caji ofis na Kwanar Dangora, sanda a kafaɗa, ko sallamar kirki bai yi ba. Kofur ya ce ya bar sandar a waje, ya ƙi. Hayaniyarsu ce ta fito da Sufeto Mujitaba daga ofishinsa.

"Malam, nan ba ruga ba ce. Me ke tafe da kai?"

"Yallaɓai, ƙarar kare na kawo."

Kofur ya fashe da dariya. Sufeto bai yi ba, don ya ga idon mutumin ya kaɗa ya yi jawur.

Hamman makiyayi ne, rugarsu tana bayan ƙauyen Ba'awa. Satin da ya wuce karen wani mafarauci mai suna Lado ya ciji 'yarsa Ramla a ƙwauri tana ɗiban ruwa a rafi. Aka kai ta asibiti, aka fara mata allurar cizon kare. Malamin dabbobi kuma ya sa a ɗaure karen a gidan mai shi kwana goma, a ga ko zai haukace. In ya fita lafiya, sai a dakatar da allurar.

"Wa'adi ya kusa cika, kowa na cewa kare lafiyarsa ƙalau," in ji Hamman. "Ni na ce ƙarya ne. Wanda ya ciji 'yata na gan shi, yawu yake dalala yana cizon ƙasa. Wanda ke ɗaure yanzu har jela yake kaɗa wa mutane. Musanya shi aka yi."

"Kana da shaida?"

"Idona."

"Alƙali ba zai karɓi idonka shi kaɗai ba."

"To in aka tsayar da allura yarinyar ta mutu, sai a kai masa gawarta."

Sufeto ya juya ya ce wa Kofur ya fito da mota.

Malam Zailani, malamin dabbobi, suka fara nema. Suka same shi a kara yana duba shanu, farar shaddarsa ko ɗigon kashin saniya babu.

"Kullum sai na je na duba karen nan," in ji shi, ransa a ɓace. "Aikina za a koya mini?"

"Wane iri ne?"

"Ja ne."

"Karnukan Lado duk jajaye ne," Hamman ya katse shi. "Uwarsu ɗaya."

"Ba da kai nake ba!" in ji Zailani.

"Ni da kai nake," in ji Sufeto. "Ka taɓa shi? Ka buɗe bakinsa?"

Zailani ya shiga gyara hula. Da ƙyar ya ce daga ƙofar zaure yake leƙawa. Mutum da kayan salla a jikinsa, ya za a yi ya bar kare ya lashe shi?

"Wato ko akuya aka ɗaure ta yi haushi, kai kare ka gani."

Zailani ya haɗiye wannan. Don ya wanke kansa sai ya juye laifin kan Lado. Ya ce lokacin rigakafin karnuka da maguna sun je gidansa, ya kore su da gora, wai allura tana kashe wa kare hanci. Ko ɗaya ba a yi wa ba.

"In aka tabbatar wannan ya haukace fa?"

"Sauran duk sai a killace su wata da watanni, ko a kashe."

Sufeto ya gyaɗa kai. An gama girbi, farauta ta kusa buɗewa. Mafaraucin da ba shi da kare kuwa ɗan rakiya ne.

"Shiga mota, Malam. Yau za ka ga karen da kyau."

Suka biya ruga tukuna. Ramla na kwance a tabarma ƙarƙashin ɗorawa, 'yar shekara tara, uwarta Baturiya tana kore mata ƙuda. Sufeto ya gaida matar, ya tsuguna ya dubi ƙafar. A gefen bandejin asibiti akwai wani baƙi-baƙi da ya bushe.

"Baiwar Allah, me kika shafa mata?"

"Ban shafa komai ba."

Ya lakato da yatsa ya shinshina. Ƙaurin gashi.

"Ba kama ki na zo yi ba. Ran 'yarki nake nema."

Baturiya ta saci kallon mijinta, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ranar da abin ya faru ta je gidan Lado a ɓoye ta roƙi gashin karen, kamar yadda iyaye suke yi, a ƙona a shafa tokar a bakin cizo. Lado da kansa ya danne karen ya aske masa rabin jela da aska.

"Ban hana ki ba?" Hamman ya daka mata tsawa. "Gidan mutumin nan kika je roƙo?"

"Kai ka kwana da kukanta?"

"Ku bar faɗan sai na tafi," in ji Sufeto. "Tokar ba ta maganin komai, amma yau ta yi rana."

Tun daga nesa haushin karnuka ya tarye su. Lado na zaune a dakali da abokan farautarsa, ƙato, damtse duk layu. Bai tashi ba.

"Ranka ya daɗe, yau kuma ɗan Fulani ne ke aiken hukuma?"

"Ina karen?"

"Wannan mutumin ba 'yarsa ce ta dame shi ba. Karnukana yake so a ƙarar, don suna korar shanunsa in sun shiga gonar mutane."

"Ni da kai Allah ya isa!" in ji Hamman.

"Na ce ina karen?"

Aka shiga. Ga jan kare ɗaure a turke yana lasar kasko. Da ya ga mutane ya hau kaɗa jela.

"Wanda ya ciji yarinyar an aske masa jela," in ji Sufeto.

Lado ya yi murmushi, irin na wanda ya san za a zo nan. Ya kama jelar ya ɗaga.

"Ga aski. Sai kuma me?"

Abokansa suka yi shewa.

Sufeto ya tsuguna, bai damu da kakinsa ba. Fatar jelar sumul take kamar tafin hannu, ga ɗan yankan aska ko ɓawo bai yi ba. Ya miƙe ya cire hularsa.

"Lado, duk Juma'a wanzami ke yi mini ƙwal. Dubi kaina yau. Ni da nake tsoho gashina ya tofo, sai na karenka ne ya fi sati bai motsa ba? Askin nan bai wuce jiya ba."

"Sake aske shi na yi."

"Don me? Wa ya kuma ciza?"

Lado ya saki jelar ya ja da baya. Sai a lokacin Sufeto ya lura ƙafa ɗaya yake dogarawa, ɗayar yana ɗan ɗage ta.

"Kofur, naɗe masa wando."

"Kada wanda ya taɓa ni!"

Kofur bai saurare shi ba. A sha-raɓar Lado ga sawun haƙora huɗu, sun kumbura, an cike su da baƙar toka.

"Wannan ne ya cije ka?" Sufeto ya nuna karen da ke turke.

"Shi ne. Da wasa."

"Malam Zailani, in lafiyayyen kare ya ciji mutum, akwai buƙatar allurar haukan kare?"

"In ya cika wa'adinsa lafiya, babu."

"In mahaukaci ne, kuma ba a yi ba fa?"

"Sai ya fara tsoron ruwa. Yana jin ƙishi, a miƙo masa moɗa ya yi ihu. Daga nan babu likitan da zai iya komai, sai dai a ɗaure shi har ya cika."

"To madalla, tunda lafiyayye ne." Sufeto ya mayar da hularsa. "Lado, ka yafe mu, mun ɓata maka lokaci. Kai ba ka buƙatar allura. Mu tafi."

Ya juya da gaske. Har ya kai bakin zaure.

"Ranka ya daɗe."

Muryar ba irin ta ɗazu ba ce. Lado ya zauna daɓas a ƙasa.

"Shekaranjiya ya tsinke igiya. Ya ciji turmi, ya ciji ƙanensa, na zo kama shi ya kafa mini haƙori. Na rotse masa kai da gora, na binne shi a bayan rumbu. Wannan ɗan'uwansa ne. Karnukan nan su ne abin da na mallaka, in aka kwashe su na gama yawo."

"Shi ya sa ka zaɓi a binne mini 'ya," in ji Hamman. Sai da Kofur ya riƙe masa sanda.

Abokan farauta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sufeto ya sa Zailani ya tsaya a tono karen a kai kansa gwaji, a kuma ɗaure sauran duka, shi kuma ya buga wa asibiti waya kada a kuskura a tsayar da allurar Ramla. Sannan Kofur ya ƙwama wa Lado ankwa.

A bakin mota Lado ya tsaya, gumi na keto masa.

"Ranka ya daɗe, asibiti za mu fara zuwa ko?"

"Ruga za mu fara zuwa," in ji Sufeto. "Mu ɗauko yarinyar. In an gama da ita, sai a dubi taka ƙafar."