Kunun Hidaya da Marayan Dogon Kiriya

"Mayya! Ku hito ku ga mai cin kurwar ɗiyan mutane!" Muryar Basira ce ta karaɗe unguwar tun hantsi, tana tsaye a ƙofar gidan Hidaya, ta ɗaga ɗan ƙaninta Anas sama don kowa ya gani. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaro ɗan shekara biyu ya koma fata da ƙashi, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, ko kukan kirki ba ya iyawa. Hidaya ta fito da ludayi a hannu, ta tarar mata sun cika ƙofar gidanta...

Shekara huɗu ke nan tun rasuwar mijinta take renon yaran matan da ke wuni a kasuwar Dogon Dutsi. Ita ke soya wake da gyaɗa, ta niƙa da gero, ta barbaɗa garin zogale, ta dama musu kunu sau uku a yini. Da uwayen Anas suka rasu a Dogon Kiriya, gwaggonsa Basira ta ɗauko shi, takan ajiye shi wurin Hidaya ranar da ta ga dama. Hidaya ce ta fara lura da ramarsa, ta goya shi zuwa gidan likita. Majo Jamila, shugabar wurin, ta auna dantsensa, awon ya faɗa ja, ta ce tamowa ce. Aka rubuta masa ƙunshin tunkuzar gyaɗa ta magani, Basira ke zuwa karɓa kowace Talata. Amma yaro sai ƙara lalacewa yake. Jiya kawai Hidaya ta tambaye ta cikin ladabi ko yana shan maganin, yau ga sakayyarta!

"Kakarta mutunniyar Lugu ce, garin 'yan bori, aljana doguwa gare su!" in ji Basira. "Mi take zubawa cikin kunun nan mai kore-kore?"

"Zogale ne, Yaya Basira... wallahi zogale ne!" Hawaye suka wanke wa Hidaya fuska. "Ni da na goya shi da zanena?"

Wa zai saurare ta? Uwaye suka yi ta shigowa suna fizge ɗiyansu, yara na kuka suna miƙo hannu, "Inna! Inna!" Wata ta shure tukunyar kunu, ya malale a ƙasa kaji suka taru. Kafin mako ya zagayo an hana Hidaya ɗibar ruwa a pampon unguwa, mai injin niƙa ya maido mata geronta, ƙanen mijinta ya aiko ta kwashe kayanta daga gidan marigayi. Ta duƙa bisa tabarmar salla tana shessheƙa: "Ya Allah, ni ban roƙe ka komai don kaina ba, ka ceci marayan nan kada ya mutu a banza!"

Ranar Talata ta gaba Anas ya suma a bayan Basira, dole ta ruga da shi gidan likita, maƙwabta na biye. Hidaya ta ji labari, ta bi su daga nesa ta raɓe jikin bango. Majo Jamila ta duba yaron, ta ɗago a fusace.

"Hajiya, ina ledojin maganin da ya shanye? Sati biyar ina ce miki ki maido su."

"Iska ya kwashe su..." Basira ta fara kame-kame.

Sai ga Hure, Bafillata mai tallar nono, ta ajiye ƙwaryarta tana salati. "Majo, ledoji masu ja da fari? La'ilaha illallahu! Da idona na ga Basira kasuwar Matankari tana saida su cikin kwando. Na zaci nata na!"

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji: "Abincin maraya, Basira? Ɗan ƙanenki, uwa ɗaya uba ɗaya?"

Majo ta juya ga matan. "Ku kuma kun ban mamaki! Duk wata nake auna ɗiyanku, babu wanda bai ƙara nauyi ba a hannun Hidaya. Kunun da kuka zubar shi ya riƙe ran yaron nan har yau."

Basira ta zube tana rantse-rantse, amma jandarmomi suka zo, suka sami sauran ledojin a ƙarƙashin gadonta, suka tasa ƙeyarta gaban jama'a, ko mayafi babu. Matan unguwa suka kewaye Hidaya suna kuka suna neman gafara, ita ko kallonsu ba ta iya yi, idonta na kan gadon da aka kwantar da Anas.

Kwana goma sha biyu tana jinyarsa, kumburi ya saɓe, ya fara zama da kansa. Ranar sallama mai unguwa ya zo da dangin yaron daga Dogon Kiriya, kawunsa ya ɗauke shi ya ɗora mata a cinya.

"Mun ba ki shi, Hidaya. Ke ce uwa tai."

Ta rungume shi tana hamdala, hawaye na ɗiga bisa kansa. Anas ya ɗaga ɗan siririn hannunsa ya shafa kumatunta, ya yi dariyarsa ta farko tun da ya zo garin.