Gawa Mai Kai Arewa

Saura kwana uku a buɗe akwatin Kannon, mutum-mutumin tagullar da ba a nuna wa jama'a sai bayan shekara talatin da uku, aka bugo wa Sufeto Shimakura waya. An tsinci gawar tsoho Toide, maƙerin tagulla, a haikalin ƙauyensu da ke bayan garin Takaoka. Akwatin kuma wayam.

Malamin haikalin, Ryokai, ya tarbe shi ido jajir.

"Ɓarayi ne, Yallaɓai. Ya zo goge tagullar da safe, suka rotsa masa kai, suka ɗauke ta."

"Ka taɓa gawar?"

"Ko yatsa ban sa ba."

Sufeto ya tsuguna. Jinin yana bakin akwati, amma gawar na can gefe, a miƙe sambal, hannuwa a ƙirji, kai yana arewa kamar yadda ake kwantar da mamaci a al'adar ƙasar. Ransa ya ɓaci. Ya daɗe yana wannan aiki, bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba.

Ya haska cikin akwatin, ya shafa katakon.

"Nauyinta nawa?"

"Sai ƙarti biyu."

"Shekara ɗari uku tana tsaye a nan, ba ta lotsa katako ba, ba ta bar koren tsatsa ba? Ƙura ce kawai, Malam, kuma ba a taɓa ta ba. Wa ya juya kan Toide arewa?"

Ryokai ya zauna daɓas.

"Bayan buɗewar da ta wuce, lokacin yaƙi, sojoji suka zo tara ƙarfe. Mahaifina ya ba su ita aka narkar, ya kulle akwatin, ya ce wa mutane ya ɓoye wa sojoji ita. Tun da ya rasu suke sunkuya wa kabarinsa don godiya. Toide ya buɗe ya gani, ya ce sai ya faɗa wa kowa. Na roƙe shi, ya ƙi. Ƙararrawar addu'a ce a hannuna, da ita na buge shi."

"Sannan ka gyara masa kwanciya."

"Abokina ne tun muna yara. Ya zan bar shi a karkace?"

Aka sa masa ankwa, Sufeto ya rufe hannuwan da mayafi. A tsakar gida wata tsohuwa mai rataye fitilun biki ta sunkuya musu.

"Malam, Allah ya sa in kai gata. Wancan karon ina naƙuda, ban samu ganin Kannon ba."

Sufeto ya tura Ryokai cikin mota.