Wayar Shanya a Reshen Mangwaro

Ranar da reshen mangwaron tsakar gidansa ya bushe, wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa. Shi tsohon malamin makaranta ne. Ya dudduba, bai ga gara ba, bai ga tsutsa ba. Sai ya yanke hukunci cewa maƙwabcinsa ne ya zuba wa itacen guba. Ya wasa gatari, ya rantse kafin gari ya waye sai gwaibar maƙwabcin ta kwanta ƙasa.

Bayan magariba ya fito, ya tarar da wata mata a lulluɓe ƙarƙashin mangwaron, alhali ƙofar gida a kulle take. Iska na kaɗa ganye, amma mayafinta ko motsi.

"Malam, ajiye gatarin nan," in ji ta. "Duk karatunka ba ka iya ɗaga kai ba?"

Ya haska fitila sama. Wayar shanya ce ta nutse cikin ɓawon reshen har ta shaƙe shi. Da hannunsa ya ɗaura ta.

"Sau nawa aka ce ka sassauta ta? Kullum sai ka ce gobe. Asibitin ma gobe ka ce."

Ƙamshin sabulun wanki ya bugi hancinsa. Ruwa na ɗiga daga yatsunta, amma ƙasa ba ta jiƙa ba.

"Reshe ɗaya-ɗaya zan bi," ta ce, "har in iso kan wanda ke saman ɗakinka."

Sai a lokacin ya gane muryar matarsa ce. Ya buɗe baki zai ce ta yafe masa, abin da bai samu faɗa ba tana da rai. Harshen ya ƙi tashi.