Sabon Kwaɗo a Ƙofar Sito

Ranar Litinin da hantsi, mako na uku da kulle gari saboda korona, aka kira ofishin 'yan sanda na Sabon Gari cewa wari ya ishi mutane a layin masu kayan gyaran mota.

Sufeto Dinatu Shekari ta sa aka ɓalle ƙofar wani sito mai rufin kwano, ta zare sabon kwaɗon da ke jiki yana kulle, ta jefa a jaka. Gawar wani dattijo ce a bayan ƙofar, yatsunsa duk sun sale. Gefensa ledojin ruwa uku, an tsotse su tas. Ɗakin ba taga, ga zafin Afrilu.

Mai siton, Ikechukwu, ya tsaya can nesa.

"Madam, tun da aka kulle gari ban leƙo ba. Mahaukaci ne, da kansa ya shiga."

"Ya shiga, ya kulle kansa ta waje?"

Ya share zufa. "Kwaɗon ba nawa ba ne. Aron wurin na bai wa yarinyar da ke raba abinci."

A rumfunan kasuwa, inda marasa gida suke kwana, Sufeto ta sami wata tsohuwa, Mama Ebube, ta kwatanta mata mamacin.

"Baba Japheth ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa," in ji tsohuwar. "Tari ya kama shi. Ran Laraba Christabel, mai kawo mana abinci, ta tafi da shi, ta ce asibiti."

"Kun ji wani abu bayan nan, Mama?"

Tsohuwar ta kalli layin sitocin. "Kwana biyu muna jin bugun ƙarfe. Muka ce iska ce. 'Yata, ba iska ba ce. Har yanzu ina jin sa." Ta damƙe hannun Sufeto. "Kada ki taɓa mana yarinyar nan. Ban da ita wa ya tuna muna da ciki?"

A Samaru Sufeto ta sami Christabel a tsakar gida tana juya babbar tukunyar shinkafa da wake. Matashiya ce da ta gama jami'a, idanunta sun faɗa kamar ta kwana biyar ba barci.

"A Keke Napep na sa shi," in ji Christabel, ba ta ɗago ba.

"Keke a cikin kulle? Wane asibiti?"

"Ban riƙe ba."

Sufeto ta ajiye kwaɗon a kan turmi. "Miƙo makullanki."

Makulli na biyu da Sufeto ta gwada, kwaɗon ya buɗe.

Christabel ta miƙe tsaye, ta dube ta ido cikin ido.

"Eh, ni na kulle shi. Da an ji mai tari a cikin masu kwana a kasuwa, da an tarwatsa su duka, an hana ni dafawa. Ina za su? An ce kowa ya zauna a gida. Su wane gida? Na ce masa, Baba, kwana ɗaya kawai, gobe zan kawo magani."

"Goben fa?"

"Aka tsaurara shingen hanya. Sau huɗu ana mayar da ni. Na kira Ikechukwu ya fasa ƙofar, ya ce ba zai ɗebo wa 'ya'yansa cuta ba. Ran Asabar na bi ta gonaki a ƙafa. Na tsaya a ƙofar, na kira shi." Ta kalli kwaɗon. "Bai amsa ba. Na kasa buɗewa."

"Kina da lambar 'yan sanda. Kira ɗaya ya isa."

"Na sani. Tukunyar nan na zaɓa."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Likitan da ya duba gawar ne. Ta saurara, ta kashe.

"Ƙishirwa da zafi ne suka kashe shi. A ganin likita, tarin ma tsohon tarin taba ne."

Christabel ta zauna a ƙasa, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Da kofur ɗin da ya rako Sufeto ya zo da ankwa, Christabel ta miƙa hannu da kanta.

"Ranki ya daɗe," ta ce, "masu kwana a kasuwa ƙarfe biyu suke cin abinci."

Sufeto ta kalli tururin da ke tashi daga tukunyar.

"Kofur, ku ɗora tukunyar a bayan mota. Ta kasuwa za mu bi."

"Gobe fa?" in ji Christabel.

Kofur ya shigar da ita. Aka rufe ƙofar motar.