Ɗakin da Ba Kowa a Cikin Faifai

A shekarar 1990, ana gobe za a raba fadama, Laure ta tsaya a wani ofishin noma a Birnin Kebbi bayan kowa ya tashi. Sunayen manoma ɗari biyu na Argungu da Ambursa za ta shigar a kwamfuta. Duk wanda sunansa bai fito a takarda da safe ba, shi da shinkafa sai baɗi.

Kwamfutar kuwa sai a hankali. Isuwa, injiniyan da ya kafa ta, ya ce ƙwaƙwalwarta ƙarama ce. Shi ya sa ya ware mata fili a faifan ajiya da ke cikinta: in ta cika ta sauke kaya can, in ta buƙata ta ɗauko. Kai-komon nan ke sa faifai gurnani, aiki ya yi nauyi. Ranar da ya ware filin, Inno mai shara ta ce masa, "Yaro, ka buɗe ɗaki ka bar shi wayam, ko bisimilla babu?" Dariya ya yi. Boko ke nan!

Ana kiran magariba ƙwaƙwalwar ta cika. Jar fitilar faifai ta kama. Ƙurrr. Ƙurrr. In Laure ta danna harafi, sai ta ƙirga goma kafin ya fito.

Warin taɓo da ɗanyen kifi ya cika ofishin.

Sunayen da aka sauke a filin suka fara dawowa, amma ba su ba ne. Ta karanta na farko. Hodi, masuncin garinsu da gulbi ya ci tun tana goye.

Gurnanin ya koma numfashi.

"Ɗakin ga nau na," wata murya ta raɗa daga cikin akwatin kwamfutar. "Abin da ya shigo, ya shigo."

Tsoro kam ta ji shi. Amma Laure ba ta gaji ja da baya ba.

"Kai za ka ciyar da iyalan manoman?" in ji ta. "To, zauna da yunwa."

Ta yi bisimilla, ta share komai. Ta raba sunayen ashirin-ashirin. Ta shigar, ta buga a takarda, ta goge, yadda ƙwaƙwalwar ba za ta cika ba, balle a aika masa ko harafi.

Faifai ya yi tsit.

"Ba ni suna guda." Yanzu muryar na bayan kunnenta na hagu.

"Ko rabi."

Saura ashirin. Ruwa na ɗiga a kafaɗarta.

Injin bugawa ya yi ƙara. Wani abu mai sanyi ya zura cikin kunnenta.

Ta fizge takardar ƙarshe, ta rungumi sauran, ta fice ko takalmi babu.

Da safe aka kira sunaye ɗari biyu cif, kowa ya amsa. Kunnen nan kuwa bai sake ji ba. In aka yi mata jaje, sai ta juyo da na dama ta ce, "Kunne guda, gona ɗari biyu. Ni da shi, wa ya ci wani?"